Suna a Ƙafa, Ajali a Ƙirji: Harshen Hausa da Tallafin Numfashi ga Masu Shanyewar Tsoka a Ƙasar Gaya

Gabatarwa

A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba da shaidar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Jihar Kano tana da kaso babba a wannan nasara, domin ita ce cibiyar taƙaddamar da ta sa aka dakatar da rigakafi daga 2003 zuwa Yulin 2004, kuma a cikinta aka hallaka mata tara masu aikin rigakafi ranar 8 ga Fabrairun 2013. Yaro na ƙarshe da ƙwayar ta asali ta shanye a jihar an same shi ne a Ƙaramar Hukumar Sumaila, a Yulin 2014. Rigakafi bai tsaya ba, saboda akwai wani rikiɗaɗɗen nau'in ƙwayar da ake ci gaba da yaƙa, amma babban yaƙin ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne mutanen da cutar ta riga ta taɓa, da kuma waɗanda wasu cututtukan tsoka da jijiya suke shanyewa har gobe. A shekarar 2006 kaɗai an ƙididdige yara 1,122 da shan inna ya kama a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan yara yanzu magidanta ne da matan aure, suna zaune a garuruwa irin su Balan da Kademi a Gaya, da Toranke da Gafasa a Ajingi. Matsayin wannan muƙala shi ne cewa babbar barazanar da ke fuskantar mai shanyewar tsoka tana ƙirjinsa, alhali harshen da al'umma ke bayyana ciwonsa da shi ya tsaya a ƙafa. Muddin Bahaushen karkara ba shi da kalmar da zai kira gazawar numfashi da ita, ba zai nemi maganinta ba, kuma hukuma ba za ta ji an nema ba balle ta tanada. Saboda haka wani ɓangare na aikin ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Zugazugin da ke cikin ƙirji

Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala, daga Gaya suka taso neman tama. Mutumin wannan ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani a kan zugazugi: wuta da gawayi suna nan lafiya lau, amma idan hannun mai zuga ya gaji, wutar maƙera ta mutu. Haka huhu yake. Ba ya jawo iska da kansa. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ce take sauka ta buɗe ƙirji iska ta shiga, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari kuma suna taya ta. Umarnin motsin yana fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya isa tsoka ta jijiya. Duk cutar da ta yanke wannan hanya, ko ta cinye tsokar kanta, za ta iya tsayar da numfashin mutumin da huhunsa ba shi da ko tabo.

Cututtukan suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin waɗanda shan inna ya shanye, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari suna mutuwa idan shanyewar ta kai tsokokin numfashi. Waɗanda suka tsira kuma, wasu daga cikinsu sukan gamu da sabon rauni bayan shekara 15 zuwa 40, ga kuma karkacewar ƙashin baya da ke matse ƙirji sannu a hankali. Ke nan yaran 2003 zuwa 2006 sun fara shiga wannan zango. Akwai cutar Guillain-Barré, wadda takan biyo bayan zawo ko mura, ta fara daga ƙafafu tana hawa, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu na masu ita sukan buƙaci na'ura ta yi musu numfashi na wani lokaci, bayan haka mafi yawansu su warke. Akwai cutar Duchenne da ke kama yara maza, kimanin ɗaya cikin haihuwa 3,500 zuwa 5,000: yaro ya riƙa faɗuwa, sha-raɓarsa ta yi kauri, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa, ya daina tafiya wajen shekara goma sha biyu. Akwai kuma cutar ALS ta manya, wadda masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rayu da ita daga 1963 har zuwa rasuwarsa a 2018.

Gazawar numfashi a waɗannan cututtuka da dare take farawa. Idan mutum ya kwanta rigingine, kayan ciki sukan danne tsokar da ta riga ta yi rauni, barci kuma ya ƙara sassauta sauran. Numfashi ya zama sama-sama, gurɓatacciyar iskar da ya kamata jiki ya fitar, wato kabon dayoksaid, ta taru a jini. Sakamakon shi ne ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, mugun mafarki, rashin son abinci, kasa kwanciya sai an tokara da matashi, da tari marar ƙarfi wanda ba ya fitar da majina. Daga nan mura ɗaya ta isa ta koma ciwon haƙarƙari, a wayi gari a ce ajali ya yi.

Kalmomi uku da suka rufe ciwon

Kalma ta farko ita ce shan inna. A al'adar bori, Inna, wadda ake kuma kira Doguwa, ita ce take shan gaɓar yaro har ta tsotse. Elisha Renne ta yi nazarin wannan fahimta a Zariya cikin littafinta na 2010 a kan siyasar shan inna a Arewacin Nijeriya. Sunan ya kama abin da ido yake gani: ƙafa ta motse, hannu ya saki. Sauran kalmomin da ke kewaye da shi, gurgu da gurgunta da shanyewar ɓarin jiki, duk a gaɓoɓi suka tsaya. Al'umma ta tanadar wa gurgu matsayi, da sarkinsa, da kekensa, da sana'arsa, amma ba ta san cewa ciwon kansa na asuba yana da alaƙa da ƙafarsa ba. Sai a ba shi maganin shawara ko na zazzaɓi.

Ta biyu ita ce jijiya. Kalma ɗaya ce take ɗauke da hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo daga laka. Idan likita ya ce wa uba ɗansa yana da ciwon jijiya, uban zai iya tashi da fahimtar cewa tausa da man zafi za su wadatar, ko kuwa a kai shi wurin maɗori.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce iska. A bakin Bahaushe iska ce abin shaƙa, iska ce kuma mutanen ɓoye, don haka jimlar «iska ce matsalarsa» tana iya kai majinyaci asibiti, tana kuma iya kai shi gidan boka. A asibitin ma akwai wani ruɗanin. Ana cewa «an sa masa iska» idan an ba mutum oksijin, kuma jama'a sun ɗauka wannan shi ne iyakar taimakon numfashi. Amma mai raunin tsoka ba oksijin ya rasa tun farko ba, zuga ya rasa. Idan aka ɗura masa oksijin kaɗai ba tare da an taimaka wa ƙirjinsa ya buɗe ya rufe ba, numfashinsa yana iya ƙara lafawa, kabon dayoksaid ya ƙara taruwa, ya yi barcin da 'yan uwa za su ɗauka sauƙi ne alhali suma ce. Wannan gargaɗi sananne ne a littattafan likitanci. Bambancin ƙara iska da taya numfashi bambanci ne na rai da mutuwa, kuma Hausar yau da kullum ba ta raba su ba.

Abin da duniya ta koya daga shan inna

Ilimin taya numfashi shan inna ne ya haife shi. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera abin da aka kira huhun ƙarfe, wani dogon ganga da ake sa majinyaci ciki, kansa a waje, injin yana jan iska yana saki. Paul Alexander na birnin Dallas ya shiga irinsa a 1952 yana ɗan shekara shida, ya yi karatu har ya zama lauya, bai rasu ba sai a Maris 2024.

A wannan shekara ta 1952 annoba ta auka wa Kofenhegen, babban birnin Danmak. Asibitin Blegdam yana da huhun ƙarfe ɗaya tak, kuma cikin majinyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka mutu. Likita Bjørn Ibsen ya gano cewa taruwar kabon dayoksaid ce take kashe su. Ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa jakar roba da hannu. Ɗalibai kimanin 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana, watanni a jere, kuma mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Abin lura shi ne cewa hannun mutane ne ya ceci waɗannan rayuka, aikin gayya ne irin wanda manomin Gaya ya sani, kuma daga wannan gayya aka samo sashen kulawa ta musamman na asibitocin zamani.

Daga shekarun 1980 aka samu sauyi na biyu: ƙaramar na'ura mai tura iska ta takunkumin hanci, ba tare da an huda maƙogwaro ba, wadda mutum zai sa da dare a ɗakinsa ya cire da safe. Binciken da aka yi a Niyukasul ta Ingila, aka buga a 2002, ya nuna cewa masu cutar Duchenne da a shekarun 1960 suke mutuwa suna kimanin shekara 14, waɗanda aka sa wa na'urar dare sun kai kimanin 25. Wani gwajin na garin, a 2006, ya nuna cewa masu ALS da haɗiyarsu ba ta lalace ba sun samu ƙarin kwana kusan 205 tare da ingancin barci da walwala. Na'urar ba ta warkar da cutar, amma tana mayar wa mutum da darensa, ranarsa kuma ta yi amfani.

Daga Balan zuwa Kano

Mutumin Balan da numfashin ɗansa ya sarƙe zai fara da ɗakin shan magani na kusa, daga nan Babban Asibitin Gaya, daga nan ya bi ta Wudil, tafiyar fiye da kilomita 60, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A birni ƙwararrun jijiya da gadajen kulawa ta musamman suka tattaru. Ko an dace an ceto yaron, tambayar da ke biye ita ce yadda zai yi numfashi idan ya koma gida. Na'urar dare tana son wuta ta sa'o'i takwas ba yankewa, a ƙasar da tsarin rukunin wutar lantarki ya yi wa 'yan rukunin A alkawarin sa'a 20, 'yan rukunin ƙarshe kuma sa'a 4. Tana son takunkumi daidai fuska, da matatar iska da za a riƙa sauyawa, musamman da hunturu lokacin da ƙura ta cika ɗaki, da kuma ma'aikacin da ya iya saita ta.

Duk da haka ƙasar Gaya ba fanko take ba. Yaƙi da shan inna ya bar gado mai daraja, wato tsarin sa ido kan shanyewar farat ɗaya ga duk yaron da bai kai shekara 15 ba. Masu unguwanni da unguwarzoma da masu maganin gargajiya suna kai rahoto, jami'in sa ido ya zo, a ɗauki bayan gida sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. An gina tsarin ne don amsa tambaya ɗaya: shan inna ne ko ba shi ba ne? Idan amsa ta dawo ba shi ba ne, aikin tsarin ya ƙare, amma yaron yana nan kwance, kuma cikin irin waɗannan yara akwai masu Guillain-Barré da kwanaki kaɗan na taimakon numfashi za su iya mayar da su kan ƙafafunsu. Ƙara tambaya ta biyu a takardar jami'in, wato yaya numfashinsa da tarinsa, ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata. Haka kuma hasken rana da ke riƙe firjin allurar rigakafi a cibiyoyin lafiya na karkara ya isa hujja cewa faranti da batir za su iya riƙe na'urar da ba ta fi fankar sili cin wuta ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, a bakin hanya, kuma horar da masu gyaran irin waɗannan na'urori bai fi ƙarfinta ba.

Hujjar masu ja da wannan ra'ayi

Mai hankali zai iya cewa a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mashaƙo suke ɗaukar yara, kashe kuɗi a kan na'ura ɗaya don mutum ɗaya almubazzaranci ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi: na'urar da za ta mutu da tsakar dare ta fi rashinta muni. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa bai kamata a fara da sayen injuna ba. Matakan farko kusan kyauta ne. A koya wa masu jinya kwantar da majinyaci a jingine. A koya musu taya tari, wato danna saman ciki da tafin hannu daidai lokacin da majinyaci ya yi tari. A ba su jakar robar nan ta matsawa, a nuna musu yadda ake tara numfashi biyu ko uku a ƙirji kafin tari. A gaggauta maganin ciwon haƙarƙari, a kuma gargaɗi ma'aikata game da oksijin kaɗai. Na'ura sai ta zo daga baya, ga wanda aka tantance, a bisa aro daga asibiti, ta dawo idan buƙata ta ƙare. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta Mayun 2022 wadda ta tanadi asusun masu rauni, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, duk ƙofofi ne da za a iya shigar da wannan buƙata.

Akwai kuma masu ganin cewa sa wa mutum na'ura jayayya ce da ƙaddara. A nan ma rashin kalma ne ya haɗa abubuwa biyu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a Oktoban 1986, ta yi magana a kan cire na'ura daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ɗungurungum. Mai shanyewar tsoka ba ya cikin wannan babi. Hankalinsa garau yake, yana salla, yana ciniki, yana hukunci a gidansa. Na'urarsa a matsayin sandar gurgu take, ko tabaran mai raunin gani. Kuma da yake hankalinsa na tare da shi, shi ne mai haƙƙin cewa ya yarda ko bai yarda ba, musamman a kan huda maƙogwaro, wanda ke ɗora wa uwa ko mata jinyar dare da rana ta shekaru. Yardar da aka bayar cikin harshen da mutum bai fahimta ba, sunanta kawai yarda.

Aikin da ke jiran manazarta Hausa

Hausa ta sha nuna cewa tana iya raɗa wa sabon ciwo sunan da ke koyarwa. «Cuta mai karya garkuwar jiki» ta bayyana aikin ƙanjamau a kalmomi biyar, annobar korona kuma ta yaɗa «sarƙewar numfashi» da «takunkumin fuska» ta gidajen rediyo cikin 'yan makonni. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma tun 1990 aka buga kundin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad. Gwaninta tana nan. Fagen ne ba a shiga ba.

Aiki na farko shi ne tattara yadda majinyata da masu jinyarsu a Gaya da Ajingi suke faɗin abin da suke ji, kafin a ƙirƙiri komai. Haki, da shessheƙa, da nishi, da numfarfashi, da toshewar ƙirji ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma likita yana buƙatar sanin wadda take nuni ga raunin tsoka. Daga nan a daidaita kalmomi: wataƙila «tsokar zuga» ga tsokar da ta raba ƙirji da ciki, «jijiyar saƙo» don raba ta da ta jini, «taya numfashi» daban da «ƙara iska». A raɗa suna da kula, domin cutar Duchenne ta ɓangaren uwa ake gadonta, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku sabon canji ne da bai fito daga kowa ba. Sunan da zai ɗora laifi a kan uwa zai iya kashe aure kafin ya ceci yaro.

Aiki na biyu ya shafi ilimin furuci kai tsaye. Likitoci suna da gwaji mai sauƙi inda babu na'urar awo: majinyaci ya ja numfashi ɗaya, ya yi ta ƙirga a bayyane har ya ƙare, kuma wanda ya kasa kaiwa wajen 20 ana zargin rauni. Amma an auna wannan iyaka ne da lambobin wasu harsuna. Lamba 12 gaɓa ɗaya ce a Turanci, «goma sha biyu» kuwa gaɓa biyar ce, ga dogayen wasula da ke ƙara cin iska. Bahaushe lafiyayye zai iya gazawa a lambar da Bature marar lafiya zai wuce. Daidaita wannan gwaji da ƙirgan Hausa bincike ne da masanin tsarin sauti da likitan jijiya za su iya kammalawa tare, sakamakonsa kuma ya shiga aljihun kowane jami'in lafiya na karkara.

Aiki na uku shi ne tanadin murya ga wanda muryarsa za ta tafi. Allon haruffa da majinyaci zai riƙa nunawa da ido, a boko da ajami, tare da jimlolin buƙata na yau da kullum, abu ne da sashen Hausa zai iya tsarawa cikin zangon karatu ɗaya. A karkarar Kano akwai dattawa da mata da yawa da ajami ne rubutunsu, kuma allon da babu shi ya rufe musu baki.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita zai kawo ilimin jiki, injiniya ya kawo batir, hukuma ta kawo kuɗi, malamin addini ya warware shubuha. Amma dukkansu ta harshe za su isa ga uwar da ke zaune kusa da ɗanta a Balan, tana jin numfashinsa yana raguwa da dare ba ta san abin da za ta kira shi ba. Kano ta ɗauki shekaru tana koya wa iyaye cewa ƙafar da ta saki farat ɗaya abin kai rahoto ce, kuma sun koya. Darasi na gaba shi ne cewa ciwon kan asuba da tari marar ƙarfi a jikin mai shanyewar tsoka su ma abin kai rahoto ne, kuma akwai abin da za a iya yi. Rubuta wannan darasi da Hausar da za ta zauna a kunne aikin sassan Hausa na jami'o'i ne, kuma yaran 2006 ba su da shekaru masu yawa na jira.